Sunan Yaya a Layi Biyu

Ofishin da Auta take aiki yana can ƙarshen barandar asibitin, bayan ɗakin ajiyar magani, inda ba mai leƙowa sai wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur biyu da fanka mai kukan tsufa, tagarsa tana kallon bangon ɗakin wanki. Su biyu ne a ciki, ita da abokin aikinta da kowa ke kira Tabarau saboda gilashin idonsa mai kauri kamar gindin kwalba. Aikinsu kula da rumbun bayanan asibitin. Duk majinyacin da aka kwantar, duk allurar da aka fitar, duk ma'aikacin da aka ɗauka, kowa da layinsa a ciki.

Auta sunan gida ne, amma ya biyo ta har wurin aiki, domin yayarta nas ce a sashen masu karaya, kuma ta riga ta zuwa asibitin da shekaru masu yawa. Tun ranar farko Yaya ta yi ta yawo da ita sashe-sashe tana cewa ga autarmu nan, shi ke nan suna ya zauna. Yayar ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta yi mata kitso, ita ta zane ta, ita ta tsaya tsayin daka har ta gama karatu. Har yanzu in Yaya ta ɗaga gira, sai Auta ta ji ta gyara zama.

Wata safiya babban mai kula da magunguna ya shigo ofishin. Mai Makulli ake ce masa, don makullan kabad ɗin magunguna masu ƙarfi ba sa rabuwa da ƙugunsa, tun daga nesa ake jin ƙararsu. Mutum ne da ko inuwarsa bai gama yarda da ita ba. Ya ce masu bincike suna tafe, yana son rahoto a kan allurar kashe zafi mai ƙarfi, wadda ba a fitarwa sai da sa hannu: kowace nas, guda nawa ta karɓa a watannin baya. Tabarau ba ya nan, ya kai ɗansa wurin likitan haƙori, don haka aikin ya faɗo kan Auta.

Aiki ne da ta saba. Akwai teburin fitar da magani, inda kowace fitarwa take da lambarta da lokacinta da lambar ma'aikacin da ya karɓa. Akwai kuma teburin ma'aikata, inda sunaye suke. Ta haɗa biyun ta lambar ma'aikaci, ta umarci na'urar ta tara layukan rukuni-rukuni, kowace nas da jimillarta, ta jero su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Ta danna, ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin shayinta.

Hannun bai kai ga kofin ba. Sunan Yaya ne a sama, kuma abin da ke gabansa ya kusa ninka na mai bi mata.

Ba ta ɗauke ido daga allon ba ta ji ƙarar makullai a bayanta. Mai Makulli ya dawo ɗaukar bironsa da ya manta. Ta ce masa ba ta kammala ba, akwai sauran dubawa. Ya ce ba komai, amma idonsa yana kan allon, ya karanta abin da zai karanta. Ya nemi ta buga masa shi a haka, in ta gyara sai ta kawo sabo. Ba ta da hanyar hanawa. Ya ninke takardar, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya fita bai ƙara ko kalma ba. Da ma ya yi magana da ya fi mata sauƙi.

Abu na farko da ya zo mata shi ne ko akwai maimaici. Ta ƙara umarnin da ke hana layi iri ɗaya fitowa sau biyu, ta sake dannawa. Sakamakon ya dawo yadda yake, ko ƙwaya ɗaya bai ragu ba. Ta sake, ta canja watanni, ta ɗauki wata guda kaɗai. Ko ta ina ta ɓullo, Yaya ce a sama. A ganinta ta toshe ƙofar kuskure, saura ƙofa ɗaya: Yaya na ɗibar allurar a ɓoye.

Kuma ƙofar nan ba a rufe take ba. Mijin Yaya direban babbar motar haya ne, mutum mai barkwanci da ba ya ganin Auta bai tsokane ta ba, Injiniya yake kiranta. Bara ya yi hatsari, ƙashin bayansa ya taɓu. An yi aiki, ya tashi, amma ciwo ya ƙi barinsa. Auta ta sha ganinsa yana cije gefen matashi, gumi na tsattsafo masa, Yaya tana zaune a bakin gado tana murza masa ƙafa, fuskarta a ɗaure kamar mai riƙe kuka. Sai kuma a 'yan watannin nan gidan ya yi shiru. Ya fara barci. Ya fara cin abinci. Kowa ya ce Alhamdulillahi, Auta ma ta ce, ba ta taɓa tambayar me ya canja ba.

Da aka tashi aiki ta hangi Yaya a bakin ƙofar asibiti tana jiran mota, jakarta a maƙale a hammata. Da can sai ta ruga ta rungumo ta ta baya. Ranar sai ta tsaya bayan wata motar ɗaukar marasa lafiya tana kallonta. Ta ga yadda ta matse jakar. Ta ga ta rame. Ta tuna kwanakin baya da ta kira ta a waya, Yaya ta yi ƙasa da murya ta ce za ta kira ta daga baya, kuma ba ta kira ba. Abubuwan da da ba su da nauyin gashin kaza, yanzu kowanne ya zama dutse.

Ranar hutu da rana ta shirya ta tafi gidan. Ta tarar Yaya tana wanki a bayan gida, yara sun tafi gidan kakarsu, maigidan yana kwance a doguwar kujerar falo, ido a rufe, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a kan cikinsa. Yaya ta yi murnar ganinta, ta ce ta zo a daidai, ta kama mata matsar zannuwan gado. Suna matsa Auta ta jefo tambaya kamar ba da gayya ba, ta ce jikin maigida ya yi kyau, wane magani yake sha yanzu. Yaya ta ce likita ya canja masa tsari, ta wuce zuwa zancen tsadar sabulu. Auta ta lura ba ta faɗi sunan maganin ba. Nas guda, a ce ba ta faɗi sunan magani ba.

Ta ce za ta sha ruwa, ta shiga ciki. Jakar aikin tana rataye a bayan ƙofar falo. Ta dubi mijin Yaya, numfashinsa na fita a hankali. Ta saurara, ta ji ƙarar ruwa a bokiti daga baya. Sai ta zuge zif ɗin a sannu, ta sa hannu. Safar hannu, biro, cajar waya, ragowar biskit a leda, katin makarantar ƙaramar 'yarsu. Ta laluba ƙaramin aljihun ciki, ta taɓa wani abu mai sanyi mai santsi. Ta zaro. Kwalbar turare ce. Ta mayar da komai, ta wuce kicin, ta buɗe kwandon shara da ƙafa ta leƙa, ta buɗe firij ta duba bayan robobin ruwa. Ba ta ga komai ba.

Abin mamaki, rashin ganin bai sanyaya mata rai ba. A hanyar komawa gida sai ta riƙa ce wa kanta ai mai wayo ba ya barin sawu, kuma Yaya ba ta taɓa zama sakarya ba. Ta yi tunanin kotu, ta yi tunanin ƙwace lasisi, ta yi tunanin yaran. Ta yi wani tunanin ma da ya fi ba ta tsoro: ita ce mai rumbun, in ta so ta san yadda za ta rage adadin ba wanda zai gane.

Da aka koma aiki ta riga kowa zuwa. Wannan karon ba ta nemi jimilla ba. Ta ce wa kanta in dai Yaya ta yi, to tana son ta ga ranakun da idonta, ta ga ko sun dace da ranakun da ciwon maigida ke tashi. Ta cire umarnin tarawa, ta bar layukan Yaya su zubo ɗaya bayan ɗaya yadda suke kafin a ɗaure su.

Suka zubo biyu-biyu. Lambar fitarwa ɗaya, majinyaci ɗaya, minti ɗaya, sau biyu. Ta gangara ƙasa, haka suke har ƙarshe, kamar takalma a ƙofar ɗaki. Ta buɗe teburin ma'aikata ta nemi lambar Yaya, sai ga layi biyu. Ta duba bambancinsu, lambar katin shaida ce kawai. Sai ta tuna, farkon shekara katin Yaya ya faɗi a mota, ofishin ma'aikata suka yi mata sabo. Ashe maimakon su gyara tsohon layin, sabo suka buɗe suka bar tsohon a raye. Duk allurar da Yaya ta karɓa, in an zo haɗawa, sai ta sami suna biyu da suka amsa mata, a ƙirga ta sau biyu.

Tabarau ya shigo ya same ta ta dafe kai. Da ta nuna masa, ya tura gilashinsa sama ya yi dariya, ya ce ai umarnin da ta ƙara ranar nan ba zai yi komai ba, don bayan an riga an tara ta sa shi. A lokacin kowace nas layi ɗaya take da shi, babu maimaicin da za a gani, ya riga ya narke cikin jimilla. Ya ce kamar a zuba gishiri sau biyu ne a tukunya, sannan a zo ana neman tsince shi a faranti. Auta ta san wannan sarai, tun a makaranta ta san shi. Ta gyara: ta sa a fara ɗaukar layi ɗaya tak ga kowane ma'aikaci kafin a haɗa, a kuma ƙirga kowace lambar fitarwa sau ɗaya. Sunan Yaya ya sauko tsakiyar jerin, ya zauna cikin 'yan uwansa kamar ba shi ba.

Ta ɗauki sabon rahoton ta nufi ofishin Mai Makulli, ƙafarta ba nauyi. Ya ajiye sabon kusa da tsohon, ya daɗe yana kallonsu. Ta yi masa bayanin kati da layi biyu. Ya saurara har ta gama, yana juya makullansa a yatsa.

"To," ya ce, "ranar nan yayarki ce a sama. Kin je gida kin kwana biyu, yau kuma rabin allurarta ya ɓace. Kuma ke ce kika ɓatar da shi. In ke ce a kujerata, me za ki ce?"

Auta ta dube shi. Kallon da yake yi mata ta san shi, shi ta yi wa Yaya daga bayan motar marasa lafiya. Ta ce a ba wani ya sake aikin daga farko, ita ba za ta taɓa ba. Ya ce dama haka zai yi, kuma kafin a gama kada ta shiga rumbun. A gabanta ya kira Tabarau ya sa ya rufe mata hanyar shiga.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne a zaune tana gyara firintocin mutane. Magana kuwa ba ta da ƙafa amma tana yawo. In ta shiga ɗakin shan shayi sai hira ta mutu. Wata nas da suke gaisawa kullum ta fara amsa mata da ka. Tabarau ma, da yake sake aikin, sai ya karkatar da allonsa kaɗan zuwa bango. Wataƙila hasken taga yake gudu, amma Auta ba ta ƙara yarda da wataƙila ba.

Tabarau ya gama. Sakamakonsa ya fito daidai da nata. Ya kuma gano ba Yaya kaɗai ba ce mai layi biyu, har da shugabar nas-nas ta asibitin, wadda ita ma an taɓa sake mata kati, sai dai ba ta cika karɓar allura da kanta ba, shi ya sa nata ninkin bai ɗaga kai ba. Wannan ya taimaka ƙwarai, don ba wanda ya isa ya ce shugabar tana sata. Mai Makulli bai tsaya nan ba, ya buɗe kabad ya gwada abin da ya fita da sabon rahoton, suka yi daidai. Ya sa aka buɗe wa Auta hanyarta. Bai ba da haƙuri ba, sai dai ya ce daga yau duk rahoton da ya shafi sashen masu karaya Tabarau ne zai riƙa yi. Ta ce ta yarda. A ranta ma ta ga hakan ya fi.

Yaya ta ji komai, tunda har ofis aka kira ta aka yi mata tambayoyi tun kafin a gama. Amma ba ta ce wa Auta uffan ba. Ta gaishe ta a baranda kamar kullum, ta gyara mata wuyan riga kamar kullum. Wannan ya fi damun Auta fiye da faɗa. Ta kasa gane ko Yaya ta san iyakar abin, ko ba ta sani ba.

Mijin Yaya ne ya warware mata. Wata rana Yaya tana bakin aiki, aka roƙi Auta ta raka shi wurin masu motsa gaɓɓai. Suna zaune a benci suna jiran layi, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa, ya yi ta ba ta labarin allurar da wani likitan ciwon baya yake yi masa a gadon baya lokaci-lokaci, wadda ita ce ta dawo masa da barci. Ya ce yayarta ba ta son a yi zancen, don ta sayar da sarƙar mahaifiyarsu kafin a fara, kuma tana jin kunyar Auta ta sani, tunda sarƙar ta su biyu ce. Sai ya juyo ya dube ta, babu wasa a fuskarsa.

"Injiniya, ranar nan ba barci nake ba. Mai ciwon baya ba ya barci da rana, rufe ido kawai yake. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Amma ni a ganina gara ta ji daga bakinki."

Aka kira sunansa, ya dogara sanda ya shiga, ya bar ta a benci tana jin kamar an watsa mata ruwan zafi.

Ta yi ta ɗagawa, yau gobe, har ranar da ta tarar da Yaya ita kaɗai a falo tana gugar kayan makarantar yara. Ta zauna a hannun kujera ta faɗa mata duka, tun daga allon kwamfuta har zif ɗin jaka da kwandon shara. Ba ta ɓoye tunanin rage adadin ba. Yaya ba ta ɗago ba. Ta gama hannun riga ɗaya, ta juya ta, ta gama ɗayan, ta rataye. Sannan ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa.

Ta ce zancen sarƙa laifinta ne, ya kamata ta yi shawara da ita. Auta ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Yaya ta ce ta sani. Sannan ta ce akwai wani lokaci, kafin a samu likitan nan, da ta bar maigidan a gida yana kuka kamar yaro, ta zo aiki, aka ba ta allurar wani majinyaci. Ta tsaya a baranda da kwalbar a tafin hannunta, ta daɗe a tsaye, har wata mai shara ta tambaye ta ko lafiya. Sannan ta wuce ta yi wa mai ita.

"Don haka ba zan ce kin yi hauka ba," in ji ta. "Abin da ya yi min ciwo, ina bayan gida, hannuna cikin kumfa, kiran sunana kawai za ki yi. Kika zaɓi jaka."

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta, ba ta share ba.

Yaya ta ɗauko wata rigar ta shimfiɗa, ta yayyafa mata ruwa da yatsu. Ba tare da ta dube ta ba ta ce, "Da kin sami allurar a cikin jakar fa? Me za ki yi?"

Auta ta ce ba ta sani ba.

"Ni ma ban san wacce amsar nake so ki ba ni ba," Yaya ta ce.

Daga waje aka ji hayaniyar yara sun dawo, ƙaramar tana kuka wai an taka mata takalmi. Yaya ta ce wa Auta ta goge fuskarta kafin su shigo, ta je ta raba su, don in ita ta fita yanzu sai ta zane su duka. Auta ta miƙe ta fita. Sanyin da ke tsakaninsu bai tafi a ranar ba, ya ɗauki watanni, amma Yaya ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa a dangi ba.